Kunnuwan Inna Casilda

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Inna Casilda Tibaduiza a gidanta da ke garin Ramiriquí, tana da shekara tamanin da ɗaya. Zuciyarta ce ta tsaya, kamar yadda likita ya tabbatar a gabana. Ni ce Yurany, jikar ƙanwarta, wadda ta gama karatun aikin jinya a watan jiya.

Inna, kusan duk macen da aka haifa a garin nan ke kika huda mata kunne, har da ni. A wurinmu ba a kai jaririya coci babu 'yan kunnen zinariya, don kada a ɗauka namiji ce. Amma kina da wata ɗabi'a da ta dami iyaye. In kin dafa allura, sai ki sunkuya ki ce wa jaririyar, "Uwar ɗakina, kin yarda?" In ta kwanta shiru, ki huda. In ta kau da kai, ki naɗe allurarki.

Na ji wata mai jego ta ce, "Haba Inna, jinjira ce fa, me ta sani?"

Kika ce, "Ta san kunnenta ne. Ke da kika sani, miƙo naki in ƙara miki." Sannan kika ba ta ruwan mazarƙwaila mai zafi da wainar masara, ta tafi tana mita.

Haka kika yi wa Don Efraín, maƙwabcinki, da ya kawo kwikwiyo ki datse masa kunnuwa don ya yi kwarjini. Kin ƙi. Ya je ya yanke ɗaya da almakashi, kika bi shi har gida kika ƙwace kwikwiyon, kika ɗinke raunin. Shi ne Tinto, mai kunne ɗaya, da ya tsufa a bakin ƙofarki.

Ke kuwa naki kunnuwan ba huji. Mahaifiyarki ta rasu wurin haihuwarki, ba wanda ya tuna ya huda su, da kika girma kuma ba ki nema ba.

Washegarin rasuwarki da rana, muna shirya ki kafin a buɗe wa masu gaisuwa, 'ya'yanki Nohemí da Graciela suka fito da 'yan kunne sababbi. Nohemí ta ce, "Mai hujin gari guda a kwantar da ita kamar namiji? Me mutane za su ce? Yurany, ke ce ma'aikaciyar jinya, karɓi. Ai ba za ta ji zafi ba."

Gaskiya ta faɗa, ba za ki ji ba. Na karɓi allurarki, na ɗaga kitsonki, kunnen sanyi ƙalau. Ban san wata hanyar farawa ba sai taki, don haka na sunkuya na ce, "Inna, kin yarda?"

Tinto, da ke kwance ƙarƙashin gado tun jiya, ya fito ya ɗaga kunnensa ɗaya, kamar yadda yake yi in kin kira shi. Sai kanki ya juya a hankali, ya fuskanci bango.

Dole in faɗi abin da na sani. Sandarewar gawa takan saki bayan kwana ɗaya ko fiye, matashin kuma mai taushi ne, kai yana iya zamewa. Amma ba wanda ya taɓa gadon, na riga na saki kitson, kuma karen ne ya fara motsi, ba ke ba. Na sha juya wannan a raina, ban iya sauya jerin ba.

Can Nohemí ta share ido ta ce, "Mama, taurin kai har a nan?" Graciela ta zare allurar daga hannuna, ta naɗe ta a ƙyallenta. An binne ki ranar Alhamis da kunnuwan da kika zo da su.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yafe kurakuranki, Ya ba ki hutu a wurinSa. Ina miƙa ta'aziyya ga Nohemí da Graciela, da jikoki, da dukan matan garin nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

'Yan kunnen suna wurin Graciela. 'Yarta na da ciki, Graciela ta ce in mace aka haifa za a ajiye mata su, har ta iya amsawa da bakinta.