Jan Geron Uwargida

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shekarar jan gero ba. Kuma tun kafin ku fara neman wawan labarin, ku huta, ni ne.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara uku kafin mahaifina ya maido ni gona, to wannan ɗan karatun ya sa har yau mutanen garinmu suna ce mini Mushe, wato malam da Faransanci, ni kuwa ina amsawa da gaske. Duk abin da ya shigo gari sai an ji ra'ayina, ko ba a tambaye ni ba.

A lokacin damina ta riga ta sauya hali. Ta zo a makare, ta tafi da wuri kamar baƙon da aka yi wa rowa. Sai wani saurayi ɗan kasuwa ya buɗe butik, wato shago, a Madarumfa, yana sayar da irin gero mai saurin nuna a ƴan ƙananan ledoji, an shafe shi da jan magani saboda ƙwari. Mu kuwa a gidanmu ba a sayen iri. Ranar girbi maigida yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure daban, haka kakana ya yi, haka mahaifina. Wanda aka ga yana sayen iri, an san rumbunsa ya tona masa asiri.

Ranar kasuwa na tsaya ƙofar butik ɗin, na sa tabarau, na jujjuya ledar kamar ina karanta Faransancin da ke jiki.

“Yaro, wannan gero ne ko jan-baki na amare?”

Ya yi dariya. “Baba, gwada kaɗan a gefen gona. In bai yi ba, ka zo nan ka zage ni a gaban jama'a.”

Na ce masa zagin ba sai na gwada ba, ina da shi a shirye.

Ashe uwargidana ta riga ni. Da ribar ƙuliƙulinta ta saya, ta shuka a gamanarta, wato ƴar gonar da na yanka mata tun tana amarya. Da na gano, na yi mata lacca mai tsawo a kan darajar irin gado. Tana tsintar wake tana ji. Da na gama ta ce, “To, Malam, na ji.” Shekarun da muka yi tare sun isa su koya mini ma'anar wannan “na ji”, amma ban koya ba.

Nata ya fito guntu, nawa ya miƙe ya fi ni tsawo. Ina wucewa ina yi wa nata sallama a sunkuye. Sai ya riga na kowa nuna, tsuntsayen karkarar nan kaf suka gane hanya. Ta ɗaura gwangwanaye a igiya, tun safe tana ja tana kora. Ɗan kasuwar nan ma ya zo a babur ya duba, ya gaya mata lokacin da za ta yanke. Ni ina gindin gawo ina dariya.

Ana cikin haka ruwa ya ɗauke. Nawa yana tsakiyar fitar da kai. Kullum in ɗaga ido, sama fes. Na murza zangarniya a tafin hannu, iska ta kwashe abin da ya fito. A gidan akwai mu biyu da jikoki huɗu da iyayensu suka bar mana suka tafi neman kuɗi Katsina. Dariya ta ƙare. Washegari na ɗauki igiyar gwangwanin na zauna gefenta, na ce motsa hannu nake don ciwon kafaɗa. Ta matsa mini a tabarma.

Abin da ya fi yunwa ci mini rai shi ne irin mahaifina zai ƙare a hannuna. Ban faɗa wa kowa ba. Wata rana da hantsi na neme ta na rasa, sai na hango ta cikin matacciyar gonata, da ƙafarta mai ciwo, tana bi kara-kara tana latsa kawunan. Ƴan waɗanda suka samu ƙwaya a kwari ta yanko, ta ɗaure su da kyau irin ɗaurin surukinta.

“Ga na Baba,” ta ce. “Baɗi ka shuka rabi nasa, rabi na butik.”

Na juya baya na ce ƙaiƙayi ne ya faɗa mini a ido.

Geronta ne ya riƙe mu har kusan wata damina. Na koyi cewa in sama ta sauya hali, ba a tambayar daga hannun wa taimako ya fito, ko da mai neman ribarsa ne, kuma riƙe na gado bai hana karɓar sabo. Sai dai baki bai tuba da wuri. Ranar da ta fara tuƙa tuwon sabon geron, na cinye malmala biyu, na suɗe hannu, sannan na gyara murya.

“Ba laifi. Amma gaskiya bai kama ƙafar namu na gado a daɗi ba.”

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“To tashi ka buɗe rumbunka ka ɗebo mai daɗin, Malam, yanzu in daka maka.”