Na Tsakiya a Hoton Tomoe

Tomoe Kuramochi ba ta taɓa iya waƙa ba, ihu ta iya, kuma ihun muke so. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta kiɗan fank, kiɗan ihu da tawaye, a unguwar Koenji, shekara arba'in da suka wuce: ita a gaba, Rikiya da Hideharu da jita a gefenta, ni Genzo a baya ina jibgar ganga. Ɓerayen Kwata, sunan da muka raɗa wa kanmu ke nan. Tsufa ya zo ya kwashe gashin da muke miƙarwa sama da sabulu. Na koma gyaran keke, ita kuma tana naɗe shinkafa da kifi a shagon abinci da safe.

Da rana sai ta zauna da tsinke da almakashi. Tsofaffin takardun tallan wasanninmu take yankawa sirara-sirara, ta murɗa kowace a jikin tsinke, ta jera su da gam har fuskokinmu su fito, da zankon gashi ja da kore. Duk shekara hoto ɗaya, kawuna huɗu. Sabuwar takarda kuwa ko kyauta ba ta karɓa, wai ba ta da warin gumi.

Rikiya ya rasu da bazara. Da damina ta kira ni in ga hoton bana. Na ɗaga ƙyallen da ta rufe shi da shi. Mu uku ne: ita a hagu, Hideharu a dama, ni a tsakiya. A wurinmu ko yaro ya san ba a yin hoton mutum uku, na tsakiya ke fara tafiya. Ga shi a makon nan likita ya ga tabo a huhuna, ina jiran sakamako.

"Ke Tomoe, kashe ni za ki yi?" na ce. "Ki sa ko 'yar tsana ce mu zama huɗu!"

"Takarda ta ƙare, tsoho," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai da ka taɓa fasa kwalba a goshinka, yau takarda kake tsoro?"

"Lokacin ban san ana mutuwa ba."

Na fita ko shayin da ta zuba min ban sha ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Bayan kwana shida ta kawo min hoton har shagona a naɗe da zane. Ta ɓamɓaro kan Rikiya daga hoton bara ta manna a hagu, Hideharu na dama, ita ce a tsakiya, baki buɗe tana ihu.

"Na cire ka, matsoraci. Rataye shi nan."

"To ke fa?"

"Ni camfi bai san gidana ba."

Kunya ta kama ni, amma na karɓa. Wannan shi ne abin da ba zan yafe wa kaina ba: daɗi na ji.

Sakamakona ya fito lafiya lau, tsohon tabo ne. A ranar na lura murɗi ɗaya na kumatunta a hoton ya warware, ya zubo kamar gashi. Na ce danshin damina ne. Sai dai danshin bai taɓa Rikiya ba, bai taɓa Hideharu ba. Kullum na buɗe shago sai na tarar da zaren takarda a ƙasa. Na kai mata ƙara, ta yi dariya har da tari, ta ce gam ɗin zamani ne ba shi da kirki. Ta rame sosai, hannun rigarta na lilo.

Da sanyi ya shigo ta daina zuwa shagon abinci. Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi. Ƙanwarta ta ce ta san ciwonta tun kafin rasuwar Rikiya, ta hana a faɗa. Hideharu ya ce, "Ka gani? Ba hoton ba ne." Na ce masa to.

Ran da aka cika kwana arba'in da tara da rasuwarta, ranar ƙarshen makoki a wurinmu, na buɗe shago na tarar da sauran fuskarta ta zube gaba ɗaya a kan teburin aiki. Na ɗaga kai. Ashe ba cire ni ta yi ba. Ɗora tata fuskar ta yi a kan tawa, ba tare da gam mai ƙarfi ba, ta rufe ni ruf kamar yadda take tare ni a dandali in ana jifa da gwangwani.

Ga ni nan dai a tsakiya, tsakanin Rikiya da Hideharu, da sandunan ganga a hannu. Na tattara zaren nata na zuba a gwangwanin ƙusoshi. Na sayi tsinke, ina koyon murɗi da waɗannan yatsun masu baƙin mai. Wata uku ke nan, har yanzu ban iya haɗa bakinta ba.