Turakun Gonar Isiyaku

Malam Isiyaku manomi ne a wani ƙauye na gundumar Kuyello. Ba shi da yawan magana, kuma in ya amsa abu, ya amsa ke nan.

A ƙarshen 1992 aka rantsar da majalisar tarayya a Abuja, soja na nan kan mulki. Da rani ɗan majalisar yankin ya zo ƙauyen da mai awo, ya ce za a yi musu hanyar mota har bakin titi. Awon ya ratsa tsakiyar gonar Isiyaku ta bayan gida, aka kafa turaku layi biyu. Ɗan majalisar ya ce, "Malam, ka bar mana nan, kada ka shuka." Isiyaku ya ce to.

Majalisar ba ta cika shekara ba soja suka rushe ta. A rediyo ya ji. Amma ba wanda ya zo ya ce masa an fasa hanya, saboda haka duk damina sai ya yi huɗa dama da hagu, ya bar tsakiya. Turken da gara ta ci, ya saro wani a daji ya kafa.

Matarsa Saude takan ce, "Malam, yau ma motar ba ta wuce ba? Na fa yi shara."

"Ba a ce an fasa ba."

"Wa zai ce? Majalisar da ta mutu ɗanmu Naziru na goye?"

Shekara talatin ana haka. Sai 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin daji, gonar bayan gida kaɗai ta rage wa gida mai baki goma sha huɗu. Naziru ɗansa ya same shi ya ce, "Baba, hatsin bara bai kai mu damina ba, ga fili yana kwance."

Isiyaku ya bi ayarin motocin kasuwa zuwa Birnin Gwari, ya yi ta tambaya har ya iske tsohon ɗan majalisar a ƙofar gidansa, ido ya yi rauni.

"Alhaji, na zo kan maganar hanya."

"Wace hanya?"

Isiyaku ya faɗa masa tun daga farko. Mutumin ya ce, "Ka shuka, Malam. Ka yafe mini."

Isiyaku ya koma gida da la'asar. Washegari shi da Naziru suka ɗaura wa shanu garma. Ƙasar ta yi tauri, sai da suka kwana uku suna huɗa, sannan aka zuba masara.