Reshe Ɗaya Daga Tankin Yaya Haruna

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ni ba ma'abocin rubutu ba ne. Abin da na gani a wani shago cikin garin Abuja watan jiya shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare a Gwagwalada, shi ke wanke kwalabe da shirya wa malamai kayan aiki. A gidansa na hanyar Paikon Kore yana da tankin gilashi na kifi a jikin bangon falo, tsawonsa ya kai kamu biyu. Yashi ne a ƙasa, sai tsirran ruwa da ya tsinto da hannunsa a rafin bayan gari, sai ƙananan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba. Baƙo kan shigo ya ce, "Malam, ai ciyawar ta fi kifin yawa." Yaya ya ce, "Haka ake so."

Mutane sukan zo masa neman shawara idan sha'awar abin ta kama su. Yakan ce kada mai farawa ya sayi ƙaramin tanki, domin ruwa kaɗan ya fi saurin lalacewa, kuma ba ya yafe kuskure. Ruwan famfo sai ya kwana biyu a bokiti, warin maganinsa ya fita. Amma sharaɗin da ke korar yawancinsu shi ne na kwana arba'in. A zuba yashi, a dasa tsirrai, a kunna fitila da rana, sannan a bar tankin ba kifi ko ɗaya har kwana arba'in. "Ka gina gidan tukuna," in ji shi, "sannan ka kira mai shiga." Da yawa ba sa dawowa. Bai taɓa bin kowa ba.

Ranar sadakar ukun Yaya ce abin ya faru. Muna waje a kan tabarmi muna karɓar gaisuwa, mata na ciki suna gyaran gida saboda baƙi. Goggo Ladi, ƙanwar mahaifinmu, ta dubi tankin ta ga kore a jikin gilashi, ta ce ba za a bar wannan ƙazanta a falon mamaci mutane na shigowa ba. Ta sa aka kwashe kifayen a roba, aka tuge tsirran aka watsa wa akuya, aka wanke yashin da gilashin da garin sabulu, aka cika da sabon ruwan famfo, aka mayar da kifayen. Da na shiga bayan la'asar, tankin na ƙyalli kamar na shago, kifayen duk sun juya ciki sama.

Goggo ta ce, "Ka ga ikon Allah, Musa. Sun bi mai su."

Da kyakkyawar niyya ta yi, kuma ita ta goye mu duka biyu. Amma har yau idan na ji warin garin sabulu a wurin zaman makoki, tankin nan nake tunawa. Aikin shekara goma ne aka wanke tsakanin azahar da la'asar.

A gindin bokitin da aka kwashi tsirran na sami reshe ɗaya manne, mai siraran ganye kamar gashin tsuntsu, bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Na sa shi a kwalba a bakin tagata. Shekara tara ina tare da shi. Ya yi tsawo in yanke, na ƙasa ya mutu na sama ya ci gaba. Ban taɓa sa masa kifi ba, domin ban yarda da hannuna ba. A duk abin da Yaya ya bari, shi kaɗai ne mai rai ban da 'yarsa.

Bana idona ya fara yana, ba na iya bambance ganyen da ya ruɓe da mai lafiya. Na san idan reshen ya zauna a hannuna, zan kashe shi ban sani ba. Rakiya, 'yar Yaya, tana zaune da mijinta a Uke. Tana da shekara goma sha uku lokacin wankin Goggo. Na kira ta na ce ta zo ta karɓi kayan ubanta. Ta ce, "To Baffa, sai ka raka ni in zaɓi tanki, ni ban san komai a kai ba."

Muka shiga wani shago a bene na biyu na wata filaza. Ban san abin ya zama haka ba. Kwanonin gilashi ne jere, zagayayyu, ba su fi ƙwaryar fura ba, kowanne da jan kifi yana kewaya kansa. Tsakuwar ciki an yi mata fenti shuɗi da ruwan hoda. Furannin roba, gidan sarauta na roba, fitila mai sauya launi kamar ta wurin biki. A wani tanki na ga kifaye masu launin da ban taɓa gani a jikin halitta ba, na tambaya, mai shagon ya ce allura ake yi musu. Ya faɗa yana murmushi. A kusurwa akwai bokiti rufe da kwali, ban buɗe ba, hancina ya gaya mini abin da ke ciki.

"Oga, wannan shi ake yayi yanzu," in ji shi, yana miƙa wa Rakiya kwano. "Madam za ta saka a senta tebur na falo, yau yau da kifinta a ciki. In ya mutu ta dawo, muna da wani."

In ya mutu ta dawo. Na tsaya ina tunanin me Yaya zai ce da ya ji wannan. Ina jin juyawa kawai zai yi ya sauka daga benen. Mutum ne da kan tashi da asuba ya duba ko wani kifi ya ƙi cin abinci. A nan kuwa mutuwar kifin ita ce hanyar cinikin.

Rakiya ta ce tana son mai tsirrai masu rai. Mai shagon ya kai mu wani tanki, ga ganye kore shar masu ratsin fari, sun yi kyau ƙwarai. Na ga idonta ya tsaya a kansu. Sai na tuna wani abu da Yaya ya taɓa nuna mini. Na nemi izini na sa hannu na ɗaga ɗaya sama da ruwa. Ya tsaya ƙyam kamar sanda.

Na ce, "Rakiya, tsiron ruwa na gaskiya idan ya fito daga ruwa langaɓewa yake, don ruwa ke riƙe shi. Wannan na tukunya ne, irin na ƙofar ofis. An nutsar da shi ne kawai. Zai yi sati uku yana kyau, sannan ya ruɓe ya ɓata ruwan."

Mai shagon ya yi dariya. "Baba ya san harka. Amma kwastoma ba ya tambaya."

Wannan ce maganar da ta fi ci mini rai, domin gaskiya ya faɗa. Ba shi kaɗai ba ne. Garin nan ya cika da masu son abu ya yi kyau ranar da baƙi za su zo. Goggo ta yi nata cikin rashin sani. Waɗannan sun sani.

Rakiya ta juya kwanon a hannunta. Ta ce, "Baffa, falona ƙarami ne. Kuma maigidan zai ce ina kifin." Na ce mata falonta ne, ta zaɓi abin da take so, amma reshen ba zai shiga kwano ba, gara ya mutu a tagata. Ban ji daɗin faɗin haka ba. Ta mayar da kwanon kan teburin mai shagon.

A Mararaba muka sami mai yankan gilashin taga, ya haɗa mana dogon tanki mara ado. Muka wanke yashin rafi da ruwa zalla. Na kai mata kwalbar da kaina, a kan cinyata, tun daga Gwagwalada har Uke, hannuna a kan murfin. Na gaya mata maganar kwana arba'in. Ta ce ta tuna, tana jin babanta yana faɗa wa mutane.

Ba zan ce Yaya ya bar suna ba. Makarantar da ya yi wa aiki ta manta da shi, gidan an sayar, rafin da yake tsinto tsirrai yanzu leda ce ta cika shi. Masu kwano sun fi shi yawa, kuma za su ci gaba da ciniki.

Yau kwana talatin da ɗaya da dasa reshen. Jiya Rakiya ta kira ni. Ta ce surukarta ta zo ganin gida, ta tsaya gaban tankin ta ce, wannan wane irin abu ne, ruwa da ciyawa ba kifi, ga kore ya fara kama gilashin, a kawo mata soso ta taimaka.

Na ce, "Me kika ce mata?"

Ta ce, "Na ce, Mama, haka ake so. Na kai ta ɗaki na kawo mata abinci, sannan na ɓoye soson."

Ta ce kuma reshen ya yi sababbin kai guda biyu, korensu ya fi na tsohon haske. Ta turo mini hoto. Idona bai iya gani ba, amma na yarda da ita. Saura kwana tara.