Hoton da Tafki Bai Ci Ba

Kafin mata su gama shanya ƙananan kifin omena a bakin tafki, Fundi Obondo mai gyaran kwamfuta ya riga ya iso kasuwar Sori. Yana turo kekensa, ya jingine shi a jikin ginshiƙi, ya ɗauki tsintsiya ya share barandar gaba ɗaya, ɓangarensa da nawa. Sai ya yi mini gorin da ya saba, yana kirana da sunan garin da na fito, Gem: "Nyar Gem, tsummokaran da kike zubarwa sun fi ɗinkin da kike yi yawa." Ni kuma in ce ya je ya ji da gawawwakin da ke jibge a shagonsa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan muna raba baranda ɗaya, ni da keken ɗinkina, shi da kwamfutocin mutane da suka ƙi tashi.

In ya sha shayinsa, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya ɗora kwamfuta ta farko, ya kunna, ya kara kunnensa a jikinta kamar mai sauraron cikin mai juna biyu. Amma kafin ya taɓa ko da ƙusa ɗaya, sai ya yi wa mai ita tambayar da duk Sori ta san shi da ita: "Wa ke ciki?"

Baƙi kan ɗauka wasa yake. Ba wasa ba ne. A garin nan wuta tana ɗaukewa ba sallama, ta dawo ba sallama, kuma duk ɗaukewar da ta yi tana iya barin wata kwamfuta da baƙin allo da layin rubutu ɗaya fari. Hanya mafi sauƙi ita ce a wanke ta tas, a zuba mata sabon ciki, kafin shayinka ya huce ta tashi, sai dai duk abin da ka ajiye a cikinta ya tafi ke nan. Fundi ba ya wankewa sai ya kwashe abin da ke ciki. Ya taɓa yi mini bayani da abin da zan gane. Ya ɗauki ƙwaryar zarena ya ce, "Kin ga in bakin zaren nan ya ɓace miki, zaren ya ƙare ne? Yana nan cif. Bakin kawai za ki nema. To haka kwamfuta take. Kayanta duk suna nan, inda za ta fara ne ta manta."

Nemo bakin zaren kan ci masa yini, wani lokaci kwanaki, kuma ladan bai fi na wanda ya wanke cikin rabin sa'a ba. Na sha ce masa wannan taurin kai ne. Amma na ga shugaban mawaƙan cocinmu ya zauna a kan dakalin nan yana share hawaye da hularsa, ranar da Fundi ya dawo masa da muryoyin tsofaffin mawaƙa waɗanda rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa. Na ga wata ma'aikaciyar jinya ta durƙusa masa har ƙasa saboda rubutun karatunta na ƙarshe, shi kuma yana cewa, "Tashi, tashi, za ki ɓata farin kayanki, ki ja mini faɗa da Nyar Gem."

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami. Na san halin mutanenmu sarai. Mutum yana raye ba mai kai masa ko kofin shayi, ranar da ya mutu kuwa sai a yanka bijimi, a kafa rumfa, kowa ya karɓi lasifika yana cewa babu kamarsa. Ni na gaji da yabon gawa. Gara in faɗi nawa yanzu, kunnensa na ji.

Abin da ya sa zai rufe, ni na fara ganinsa, kuma ga yadda aka yi.

A farkon damina iska ta kife jirgin Oyugi, wani masunci, ɗa tilo ga wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi da muke kira Min Oyugi, wato uwar Oyugi. An tsamo abokan aikinsa. Shi kuwa an yi nema har masu nema suka gaji, tafki ya ƙi bayar da shi. Dattawa suka ce a yi yadda aka saba in ruwa ya riƙe mutum: a sa wani dogon ɗan itace da ake kira yago a cikin akwati, a binne a madadinsa, don ya samu makwanci a gidan ubansa. Aka sa ranar Asabar.

Sai ga shi babu hoton da za a ɗora a kan akwatin. Wayarsa da katinsa sun tafi tare da shi. Hotunan gida kuwa sun tafi tun shekarar da tafki ya cika ya shigo ɗakunan mutane. Abin da aka samu a wayoyin abokansa, ko dai ya juya baya yana jan koma, ko hula ta rufe masa fuska.

Mako ya raba tsakiya sai ga Min Oyugi da rana tsaka, ɗauke da wani abu a ka, naɗe cikin zane, kamar yadda take ɗauko daron kifi. Ta sauke a teburin Fundi. Tsohuwar kwamfutar marigayi Ogutu mai hoto ce, wadda ta yi shekaru a ɗakin ajiyar matarsa a bayan buhunan masara.

Fundi ya ce, "Sannu, Mama. Wa ke ciki?"

Ta ce, "Ɗana."

Ban taɓa jin an ba shi amsa irin wannan ba. Na tsayar da keke.

Ta ce ranar da Oyugi ya sayi jirginsa na kansa, ya ja ta har shagon Ogutu suka ɗauki hoto tare. "Matar Ogutu ta ce duk wanda mijinta ya ɗauka yana cikin akwatin nan. Ni ban san yadda mutum ke shiga ba, Fundi, amma an ce kai ka san yadda ake fito da shi. Za su binne mini ɗan itace. To su binne. Amma jikokina su ga fuskar ubansu a kai, kada su girma suna cewa itace ne ya haife su."

Fundi ya buɗe ta, ya hure ƙura da kashin ɓera, ya sauya ɗan batirin da ke cikinta, ya kunna. Baƙin allo, farin layi ɗaya. Ya kara kunne, ya daɗe, sannan ya kashe da sauri. Ya ce faifan da ke riƙe da hotunan ya gaji, yana wani ƙas-ƙas da bai yi masa daɗi ba, kuma duk kunnawar da aka yi tana iya zama ta ƙarshe. Ya zare faifan a hankali, ya jona shi da tasa kwamfutar. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito a allo, da wuraren dannawa biyu.

Sai na ga Fundi ya tsaya. Ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allo. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Hannunsa yana kan linzamin kwamfuta, bai motsa ba.

"Nyar Gem," ya ce, a hankali yadda tsohuwar ba za ta ji ba, "zo ki karanta mini."

Na ce, "Yau kuma? Kai da kake cewa Turancina na sayar da tumatir ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba na gani. Tun bara nake ganin haske kawai da inuwa. Ciwon suga ne. Kada ki yi mini ihu, ki karanta."

Nan take na tuna keken da ya daina hawa yake turawa, da gaisuwar da ba ya amsawa sai mutum ya yi magana, da yadda yake laluben ƙusoshi da yatsa. Ashe duk watannin nan da kunne da hannu yake aiki, da abin da ya haddace, ni kuwa ina gefensa ina yi masa tsiya. Amma ba lokacin kuka ba ne. Na karanta. Akwatin yana cewa faifan nan ba ya karantuwa, ko a wanke shi? Kibiyar linzamin kuwa tana zaune daidai kan "a wanke".

Na ce, "Fundi, kada ka danna."

Ya ɗage hannunsa sama kamar wanda ya taɓa garwashi. Ya ce, "To ke ce idona yau. Kai shi ɗaya wurin."

Haka muka yi har rana ta karkata. Ya fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani, yana cewa ba a gyaran rufi kaya na cikin ɗaki. Sannan ya buɗe wani abin aikinsa mai baƙin allo, ina karanta masa layi-layi, yana cewa, "Sauka ƙasa. Me ya ce? Sake karantawa, kada ki haɗiye harafi, ba wake ba ne." Ya ce irin faifan nan yana ɓoye kwafin bakin zarensa a can ƙarshe, saboda rana irin ta yau, shi muke nema. Min Oyugi tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Na ba ta shayi ya huce a gabanta. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce, "Yana nan?" Fundi ya ce, "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Ina ƙwanƙwasawa, ba a buɗe ba tukuna."

Da muka samu kwafin, ya sa na karanta masa tambayar ƙarshe har sau uku kafin ya ce in danna. Sannan ya ɗauki sabon faifan ya sa a tsohuwar kwamfutar Ogutu, yana laluben wayoyi da yatsu. Ya kunna. Baƙin allo ya tsaya, ya tsaya, sai ya yi shuɗi, ta yi ɗan kiɗan da suke yi in sun tashi. Fundi ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Ta tuna."

Ogutu ya jera hotunansa shekara-shekara. Min Oyugi ta faɗi shekarar jirgin, na fara wucewa. Duk Sori ce ta riƙa wucewa a gabana: amare, 'yan makaranta, jarirai ranar baftisma, masunta sun ci kwalliya. Da yawansu na ɗinka wa iyalansu kayan makoki. Har mijina na gani, da rigar da na ɗinka masa, ban tsaya ba.

"Tsaya!"

Ta taso da rarrafe. Ta ɗora tafin hannu a kan allon, ta ce, "Oyugi, uban gidana, ashe nan ka ɓuya? Muna can muna ta nemanka a ruwa." Sai ta fasa kukan da ta riƙe tun ranar da iska ta taso, har masu shaguna suka fito.

Fundi yana zaune, fuskarsa na kallon allon. Ya ja gefen zanena ya ce, "Ya fito da kyau?"

Na ce, "Tas."

"Faɗa mini."

Na ce yana tsaye da farar riga mai dogon hannu, ta yi masa yawa. Ya dafa kafaɗar uwarsa, ita ta ɗaure fuska kamar an kawo ta kotu, shi kuwa yana dariya, har wushiryarsa ta fito.

Fundi ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, yana da wushirya." Ya juya ya shiga tattara ƙusoshinsa.

Ranar Asabar aka binne yago, da hoton Oyugi a kan akwati, 'ya'yansa biyu suna riƙe da gefensa. Aka yi jawabai har yamma. Ba wanda ya ambaci sunan mutumin da ya fito da fuskar.

To ni zan ambata. Fundi Obondo, kai ne mai ƙwanƙwasa ƙofar da kowa ya ce babu mutum a ciki. Kai ne ka dawo wa uwa da fuskar ɗanta ranar da kai kanka ba ka iya ganinta. Ka ce mini bayan ranar nan ba za ka sake zama gaban allo ba, don hannunka ya kusa shafe ɗan mutane, kuma ba za ka jira sai ka shafe ba. Na yi maka musu, na ce zan ci gaba da karanta maka. Ka ce, "Ke da ba ki gama ɗinkin Kirsimetin bara ba?" Na san ka yi gaskiya, amma raina bai so ba, kuma har yanzu bai so ba. Ban san wanda zai share mini baranda ya zage ni da safe ba. Na gode, Fundi. Sori ta gode, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Ku matasa masu wannan sana'a, ga gadon da ya bar muku, ba ya buƙatar jari: kafin ku wanke, ku tambayi wa ke ciki, kuma ku tsaya ku ji amsa.

Sauran mu kuwa, 'yarsa Adoyo za ta zo ta tafi da shi gida ƙarshen wata. Kafin nan yana baranda kullum, a kan kujerarsa. Duk wanda ya taɓa kawo masa baƙin allo ya koma gida da abinsa, ya zo. Kada ku tsaya daga nesa kuna ɗaga masa hannu, ba zai gani ba, kuma ba zai tambaya ba. Ku matso, ku kama hannunsa, ku faɗi sunanku. Sannan ku faɗa masa wanda ke ciki.