Tumbin da ba a farka ba

Ɗana na fari a Jidda na haife shi, kuma tun da aka rushe unguwarmu Karantina bai ƙara samun aiki tsayayye ba. Sai wani Baturen Sikotlan mai gidan abinci ya ce zai gwada shi a kicin. In ya dafa masa abincin ƙasarsu, hagis, ya ɗauke shi aiki, kafili mai tsaya masa ya gyara masa iƙama, wato takardar zama.

Na ce mene ne kuma hagis? Ɗan nawa ya ce, rabi Hausa rabi Larabci, hanta da zuciya da huhu ake niƙawa da albasa da wani hatsi nasu, a ɗura a tumbin tunkiya, a ɗinke, a dafa. Ashe kayan ciki ne. Matsalar ɗaya ce, tumbin sai wanda wuƙa ba ta taɓa ba.

Mahautanmu kuwa duk sun watse. Na yi ta cigiya har na gano wani tsohon mahauci ɗan Damagaram a unguwar Madain Fahd. Ban rufe baki ba ya farka tumbin gida biyu, yadda ya saba yi wa masu farfesu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Malam, jaka nake so, ba tsumma ba."

"Hajiya, wa ke cin tumbi a rufe?"

"Ina ruwanka? Kawo wani."

Na tsaya a kansa har ya zaro na biyu lafiya. Na juya shi, na wanke da gishiri da lemun tsami har yatsuna suka yi zafi.

Ranar gwajin Baturen ya ce uwar ma ta zo ta ci. Duk zamana a garin nan ban taɓa zama a teburin gidan abinci ba. Aka kawo hagis ɗin da dankali da aka dama. Na kai loma: salam, ba yaji ko na magani. Ga ƙullin yajina a jaka, hannuna har ya kai. Sai na hango ɗana a ƙofar kicin yana kallona, zufa ta jiƙa masa hula. Na janye hannu, na cinye tas, na ce a ƙaro.

Ni da ɗana muka shiga mota har unguwar Aziziyya. Sannan ya ce, da Hausarsa mai tuntuɓe, "Umma, halas, an gama. Gobe ni fara aiki." Ban gyara masa ba.