Kuɓewar Hajja Sabuwa Ta Shiga Leda

Duk wanda zai shiga gidan Sabuwa a Gadarif bayan ɗaukewar ruwa, sai ya lura da inda yake sa ƙafa. Tsakar gida shanya, saman rumfa shanya, har gadon igiyar da mijinta Tijjani yake miƙe baya a kai idan ya dawo daga gonakin yankin Simsim, ta ƙwace ta baza tumatir. Malam Tijjani ya daɗe da daina ƙorafi. Yakan ce da shi ma mai yawan zama wuri ɗaya ne, da tuni an yayyanka shi an shanya.

Hajja ake ce mata, ko da yake ko teku ba ta taɓa gani ba. Kakanninta ne suka taso daga yamma da niyyar Makka, suka yada zango a nan don su yi noman damina ɗaya, kuma ga shi har yau jikoki na nan suna noma. Ba su bar mata gona ba, ba su bar mata shanu ba. Abin da ta gada shi ne sanin yadda ake raba abinci da ruwansa don ya yi nisan kwana: kauɗar tumatir, busasshiyar albasa, nama a yanka shi siri-siri a rataye a igiya, sai uwa uba kuɓewa, wadda idan an daka ta mutanen gari ke kira weka. Da wannan ta tarbiyyantar da 'ya'yanta har ta aurar da su. Tana da alfahari guda, kuma gaskiya ta cika maimaita shi: "Abin da ya fita daga hannuna bai taɓa ɓata wa kowa tukunya ba." Maƙwabta sun gaji da ji, amma ba wanda ya taɓa ƙaryata ta.

Kafin yaƙi, kasuwarta ta lallaɓa ce. Masu sayen kayanta su ne leburorin gona da tsofaffi, sai matan da ɗanyen kaya ya yanke musu da rani. 'Yan mata masu firji a gida kuwa sukan yatsina fuska su ce abincin kakanni ne. Da aka fara harbe-harbe a Khartum, daga baya Madani ta bi, sai gari ya cika maƙil da baƙi. Wuta ta koma sai an ga dama, firji ya zama akwatin ajiye kwanuka. Wanda ke kwana a ajin makaranta ba shi da inda zai adana ɗanyen tumatir, wanda zai wuce gaba kuma yana son abin da ba nauyi, ba ruɓewa. Nan da nan abincin kakanni ya zama na kowa. Sabuwa ta wayi gari tana yanka tun asuba, amma kafin azahar babu ko ƙulli. Duk da haka, kowace Juma'a sai ta ware wani abu ta aika makarantar da ke bayan unguwarsu, inda aka sauke masu gudun hijira. Wannan ba ciniki ba ne, kuma ba ta son a yi zancensa.

A damina ta biyu da fara yaƙin ne Mazin ya same ta. Saurayi ne da ya baro shagonsa a Madani da rigar jikinsa kawai, ya kafa wani ƙarami a bakin kasuwa.

"Ya Hajja, mutanen Khartum da ido suke saye," in ji shi. "So suke su ga abu cikin kis, wato leda, a rufe, ba ƙura ba ƙuda. Ki zuba mini a leda, wallahi har garin Doka zan kai."

"Leda? Ɗana, kuɓewa ai ba alawa ba ce."

Amma ta san gaskiya ya faɗa, don ta sha ganin baƙin mata suna kallon buɗaɗɗen kwanonta suna wucewa. Mazin ya kawo ledoji, ya nuna mata yadda ake liƙe baki da harshen kyandir. Abin ya burge ta ƙwarai. Ta riƙa ɗaga kowace leda tana juyawa a rana kamar yarinya da sabon abin wuya.

Tun tana ƙarama, yadda ta saba shi ne ta kwashe shanya da la'asar, ta tara a rumfa, washegari bayan sallar asuba ta zuba a buhun algarara. A shekarar nan saboda yawan masu nema ba ta jira ruwa ya gama ɗaukewa ba. Kuɓewa ta bushe ƙarau da rana, ta kwana a rumfa ta sha raɓa. A buhun algarara wannan bai taɓa zama komai ba, domin buhu yana shan iska, 'yar laimar sai ta fice da kanta. Sabuwa ta daka, ta tankaɗe, ta ɗura a leda da sanyin safiya, ta liƙe tsaf. Ta rufe gari da raɓarsa a ɗaki ɗaya ba taga.

Ba a jima ba sai ga Mazin da leda a hannu, yana ta sosa ƙeya. Wata mata ce ta dawo masa da ita tana faɗa. Sabuwa ta yage baki ta shinshina. Garin ya dunƙule, ya yi funfuna fari-fari, ga wani wari mai tsami.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Hajja," Mazin ya ce. "Zan kwashe na shago a ɓoye, mu yi shiru. Ba sai kowa ya ji ba."

"Wanda ya riga ya kai gida fa? Shi ma shirun zai ci?"

Ta yafa mayafi ta nufi kasuwa. Matar da ta shekara talatin tana gina suna, ita ce da bakinta ta bi rumfa rumfa tana cewa duk wanda ya sayi wekar Sabuwa ta leda ya dawo da ita, ta lalace, kada a ba yara. Ta tare direbobin Doka ta ba su saƙo. Wasu abokan sana'arta suka rufe baki da gefen mayafi suna dariya, don dama sun daɗe suna jiran ranar da alfaharin nan zai yi tuntuɓe. Ta ji su sarai, abin ya yi mata ciwo, amma ba ta fasa ba. Masu saye suka yi ta zuwa, wani da faɗa, wani da tsiya, ta musanya wa kowa da tsohon kayan buhu. Ta haƙa rami a bayan gida ta binne abin da aka dawo da shi.

Tana zaune tana cewa alhamdu lillahi an rabu da bukar, sai wani tunani ya faɗo mata. Duk waɗanda suka dawo mata, masu saye ne. Daga makaranta ba ta ga kowa ba, alhali a Juma'ar da ta wuce ledojin nan ta aika musu, don a ganinta su ne suka fi kyau.

Ta bi ta cikin baƙin taɓon Gadarif, wanda ke cire wa mutum takalmi ba sallama, har ta isa. A bayan wani aji ta tarar da Iman, wata matashiya daga Khartum mai 'ya'ya uku, wadda Hausarta ta gado ce, sai ta haɗa da Larabci. Tukunya na kan wuta, tana kaɗa miya. Ga ledar a gefe, an ci fiye da rabi, an tsince dunƙulallen an tara a murfin gwangwani. Ƙaramin yaronta na kwance a tabarma, kwana biyu ke nan yana fama da ciki. Ko kuɓewar ce, ko ruwan da suke sha, Allah kaɗai ya sani. Sabuwa dai ba ta fake da wannan ba.

"'Yata, ba ki ga ta lalace ba?"

Iman ta sunkuyar da kai. "Na gani, ya Hala," in ji ta, wato inna da Larabci.

"To me ya hana ki aiko mini?"

"Kyauta ce fa, Hala. Da wane baki zan ce ta lalace?"

Kunya ta kama Sabuwa, irin wadda dariyar kasuwa ba ta kai ko rabinta ba. Ta sa gefen zanenta ta sauke tukunyar, yara suna kallonta da idon yunwa, ta kai bayan katanga ta zubar. Sannan ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta zauna a kan dutse ta kaɗa musu wata da hannunta. Sai da ta ga sun ci, ta sa aka kai yaron wurin likita, sannan ta ce wa Iman, "Gobe ki zo gidana da wuƙarki. Hannu nake nema. Abin da za ki riƙa kaiwa gida, guminki ne."

Yaro ya warke. Iman ta fara zuwa, ta koyi yanka, ta koyi juya shanya, ta koyi karya kuɓewa ta ji ko za ta ce ƙas. Amma bakinta na nan a rufe. Kome aka ce sai ta ce to, kome aka ba ta sai godiya. Sabuwa ba ta bar leda ba, don kasuwa ta riga ta zaɓa, sai dai yanzu da rana tsaka ake ɗurawa.

Wata rana aka tashi da gajimare. Mazin ya iso da keken haya tun hantsi, yana cewa motar Doka ba ta jiran kowa. Hali zanen dutse, Sabuwa ta leƙa tabarmar shanya daga tsaye ta ce ya yi, a daka. Iman ta tsugunna ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta daɗe tana juya ta.

"Hala," ta ce, "wannan ba ta bushe ba."

Ran Sabuwa ya ɓaci nan take. A tsakar gidanta, a gaban baƙo, yarinyar da jiya-jiya ta koya wa riƙon wuƙa! Ta fizgi kuɓewar ta lanƙwasa. Ba ta karye ba, sai ta tanƙware kamar fata.

Mazin ya koma da kekensa ba kaya. Su biyu suka kama tabarma suka ja ta zuwa inda rana za ta fito. Sabuwa ba ta ɗago kai ba, tana baza kuɓewar da tafin hannu, ta ce, "Gobe ma ki faɗa mini, 'yata, ko da na ɗaure fuska."